Inna Ta Yi Bakance, Ƙafata Ta Biya

Tun da na dawo ban samu na kurɓi shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na ɗaga kofi sai wani ya dafa ni: "Bukar, yaya hanya? Da gaske a ƙafa ka je? Me suke ci a can?" A majalisarmu ta Fagge haka, a bakin kasuwar Sabon Gari haka. Har 'yan achaba, waɗanda ɗan'uwansu ne ya jawo min wannan wahala, sai su kashe mashin su ce in ba su labari. To, bakina ya gaji kamar yadda ƙafata ta gaji. Ga shi nan na rubuta da ɗan karatun yaƙi da jahilcin da nake da shi. Wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa. Wanda kuma ya ga sunan ubansa a ciki, ba ni na sa shi ba, shi ya sa kansa.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Bukar mai kura, mai turo kayan Oga Emeka daga shagonsa na Sabon Gari zuwa duk inda aka saya. Ranar da abin ya faru ina mahaɗar titin Bata da katan-katan na fitilu, sai ga wani ɗan achaba ya ɗauko mutum biyu da akuya ya shigo ta hannun da ba nasa ba. Shi ya tashi, fasinjojinsa suka tashi, akuya ma ta tashi ta gudu. Ni kaɗai ne ban tashi ba. A asibiti suka ɗauki hoton ƙashin, suka ce ƙaurin ya karye gida biyu, sai an sa ƙarfe. Inna, mahaifiyata, ta ce ɗanta ba mota ba ne. Aka kwashe ni sai gidan mai ɗori, na yi watanni a kan tabarma da karare a ƙafa.

Dole in faɗi wacece Inna, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya fitar da mai hankali kan titi ba. Mu asalinmu Barebari ne, kakana ya sauka Fagge da fatauci bai koma ba. Mahaifina, Malam Kyari, ya tashi zuwa Makka a ƙafa ina goye. A wancan zamani in mutum zai yi wannan tafiya, sai ya tara jama'a a yafi juna, sannan ya tambayi matarsa: saki ko jira? Inna ta ce jira. Bayan 'yan shekaru wani alhaji da ya dawo ya ce ya gan shi a Kusiri ta ƙasar Kamaru, a bakin kogin da ake hayewa zuwa Chadi, zazzaɓi ya kwantar da shi yana jiran kwalekwale. Daga nan shiru. Fagge ta zauna ta yanke cewa ya rasu a hanyar Ɗakin Allah, wato shahidi ne. Manema suka yi ta sintiri har suka gaji, Inna ta ce babu wanda ya ga gawa, kuma igiyar mutumin Allah ba a tsinka ta da zato. Haka ta tsufa da sunan matar shahidi. In mace tana naƙuda ita ake kira, in jariri ya ƙi nono ita ake kai wa ta tofa. Tana da wata farar babbar riga tasa mai aska takwas a cikin adaka, duk shekara kafin Babbar Sallah sai ta fito da ita ta shanya, ta turara, ta mayar. Ranar aurena na roƙa in sa, ta ce jikina bai kai ba.

Ashe lokacin da nake ihu a hannun mai ɗori, ita tana can tana ƙulla alkawari da Ubangiji. Ta yi bakance cewa in ɗan nan ya miƙe, zai bi sawun ubansa a ƙafa har Kusiri, ya nemo kabarinsa, ya yi masa addu'a, ya gaya masa ta cika jiran da ta ɗauka. Ba ta gaya min ba sai ranar da na ajiye sanda na taka masallaci na dawo.

Na ce, "Inna, da wace ƙafar?"

"Da wadda aka mayar maka."

"Ai ke kika yi bakancen."

"Kai aka warkar."

Na tafi wurin limamin unguwa. Ya ce bakancen wani ba ya hawa kan wani, ta ciyar da miskinai goma magana ta ƙare. Na kawo mata fatawar da zafinta. Ta ce to madalla, ta jawo takalminta, ta ce in nuna mata titin Maiduguri ita za ta je. Tsohuwar da ba ta kai wa bakin famfo sai ta huta a hanya. Ku gaya min, me ya rage?

Wanda ya fi kowa tayar da jijiyar wuya kan kada in tafi shi ne Baba Sule Direba, tsohon direban babbar mota da ya ƙare ƙuruciyarsa a hanyar Chadi. Mutumin kirki ne a idon kowa. Tun ina yaro, duk dawowar da zai yi sai ya aiko wa Inna ƙunshin bandar kifi, ya ce sadaka ce ga matar shahidi. Ya yi ta zuwa gida yana ce min, "Ɗana, babu komai a Kusiri sai sauro. Kabarin baƙo na shekara hamsin, wa zai nuna maka? Bar ni ni in ciyar da miskinan, har da nama." Na ce a raina, kai, tsohon nan yana ƙaunata.

Oga Emeka kuwa haifaffen Sabon Gari ne, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Da na je sallama ya ce, "Bukar, ƙafar da muka sha wahala aka ɗora, ita za ka kai Kamaru ka ƙarasa?" Na ce umarnin uwa ne. Ya ce tasa uwar ta taɓa sa shi hawa wani dutse a ƙauyensu da gwiwa saboda ya warke daga shawara. Ya ce, "Uwaye ba ruwansu da coci ko masallaci, duk ɗariƙarsu ɗaya." Ya ba ni takalmin 'yan gini mai ƙarfe a baki, Madam ɗinsa ta ba ni kwalbar man zafi. Ya ce, "Zan ajiye maka kurarka, amma ka sani ni ba Inna ba ne, ba zan yi shekara hamsin ba."

Na tashi da kaka, bayan sallar asuba. 'Yan majalisa suka yi min rakiya har Hotoro, su a kan achaba ni a ƙasa, suna ta ce min in ɗaga ƙafa rana na yi. Kafin in kai Wudil takalmin Oga ya cinye min dugadugai. Abin haushi, karyayyiyar ƙafar lafiya lau take tafiya, mai lafiyar ce ta fara kuka. A kasuwar Wudil na zauna ina busa ƙafa, sai wani Bafulatani ya tsaya a kaina, ya tambayi sunana. Da ya ji Bukar sai ya washe baki, kun san wasan da ke tsakaninmu da su. Ya ce, "Af, bawana, ina za ka ba izinina?" Na ce zan je in karɓo harajin shanun da ubansa ya ɓoye. Muka yi musaya, ya ɗauki takalmin ƙarfe ya ba ni nasa na roba. Na tabbata yanzu haka yana wani daji yana tsine min.

A hanya na gane abu ɗaya: a ƙasar nan babba mai gemu da aka gani a gefen kwalta da ƙunshi a kafaɗa, mahaukaci ne har sai ya kawo shaida. Direba zai rage gudu ya ce, "Baba, ina zuwa?" In na ce Kamaru sai ya ɗaga gilashi. A wani ƙauye kafin Azare mata suka ajiye min tuwo a gindin bishiya suka ja da baya, kamar yadda ake ba kare mai cizo. Na cinye, don yunwa ba ta san mutunci ba. Kwana kuwa a masallatai ne, kuma kowane masallaci da irin ladaninsa. Akwai wanda zai kawo maka bargo da koko. Akwai wanda yake ganin tabarmin masallaci gadon ubansa ne, ya nannaɗe su ya kulle ya bar ka da siminti.

Sai dai labari ya fi ni ƙafa. Direbobin da ke wuce ni kullum suka kai shi gaba, kuma kafin ya isa Potiskum ya yi ƙiba. Ina shiga garin na tarar ashe ni waliyyi ne mai tafiya Makka ba ci ba sha, wai har an ga zaki yana raka ni. Aka shimfiɗa min darduma a tasha, aka kawo nama, aka jera kofuna in tofa. Ni da jiya ake ajiye wa tuwo a ƙasa. Na ci naman, na tofa, don tofi ba ya cutar da kowa. Sai wata mata ta durƙusa da yaro a gefenta, ta ce mijinta ya tafi Kurmi, can kudu, neman kuɗi shekara bakwai ba saƙo, in roƙa mata Allah Ya ƙara mata haƙuri. Na dubi yaron, na san irin rigar da yake sawa da Sallah, don na sa irinta. Na ce, "Baiwar Allah, haƙurinki ya isa haka. Je ki wurin alƙali." Nan take waliccina ya ƙare. Mai dardumar ya ce yana son abarsa.

Bayan Damaturu ƙafar ta kumbura ta yi kamar turmi. Na tambayi wani malamin ƙauye ko hawa amalanken shanu yana ɓata bakance. Ya ce alhazan da ai sukan hau jaki, abin da aka hana ni shi ne inji. Na hau bayan buhunan gero na yi zango biyu. Wanda yake shirin kai ƙarata wurin Inna ya huta, ta riga ta sani.

Maiduguri ce ta ci min mutunci fiye da ko'ina. Duk rayuwata a Fagge ana tsokanata da Babarbare, ni ma ina ɗaga kafaɗa. Na shiga garin ina jin na zo gida. Na samu dattawa a ƙofar wani zaure na ce musu "ushe-ushe", iyakar gaisuwar Barbarcin da na gada ke nan. Suka amsa da wani dogon zance kamar ruwan sama a kan kwano. Na tsaya ina murmushi kamar amarya. Ɗaya ya juya ya ce wa sauran, "Afuno ne." Wato Bahaushe. A Kano ni Babarbare, a Borno ni Bahaushe, shekara hamsin da wani abu ashe ba ni da inda aka yi rajistata. Amma fa sun iya baƙo. Suka sauke ni a zauren, suka kawo burabisko, abincin da har yau bai yanke shawara ba ko tuwo ne ko dambu, ga shi kuwa da daɗi. Gaisuwarsu ba irin tamu ta kasuwar Kwari ba ce da ake yi ana tafiya. In mutum ya fara gaishe ka, ajiye shayinka, sai dai ka sha shi da sanyi. Kuma komai nasu turare, zaure turare, hula turare, har buta sai ka ji tana ƙamshi. Da daddare na kwanta na ji kamar an kulle ni a adakar Inna tare da rigar nan.

Daga Dikwa zuwa Gamboru baƙar ƙasa ce mai tsagewa, in ka dogara sanda sai ta shige rami ta bar ka kana lilo. Larabawan Shuwa ne suka riƙe ni a nan da madara da shayi a wani ɗan kofin gilashi da bai fi kurɓi biyu ba, sukari kuwa sai cokali ya tsaya. Na tambayi wani tsohonsu ko har yanzu alhazai na bi ta nan a ƙafa. Ya ce rabonsa da ganin irina tun yana kiwon maruƙa, kuma waɗancan ma sun fi ni kyan gani.

A kan iyaka, mai kakin ɓangarenmu ya ce me na kawo musu. Na nuna masa tafin ƙafata, ya kawar da kai ya ce in wuce. Na haye 'yar gada na faɗa hannun jandarma. Ya yi ta zuba Faransanci, wani mai canjin kuɗi ya fassara min cewa takarda mai hoto yake so. Ni kuwa hoton da na mallaka duniya shi ne na ƙashin nan na asibiti, wanda Inna ta cusa min a ƙunshi. Na zaro na miƙa. Mai canji ya dafe kai. Jandarma ya ɗaga shi sama ya saita rana, ya daɗe yana kallo, ya dubi ƙafata, ya sake duba hoton. Sai na ga ya naɗe ƙafar wandonsa. Wani tabo ne tun daga gwiwa har idon sawu. Ya kwaikwayi kukan mashin da bakinsa, ya nuna ni. Na gyaɗa kai. Ya nuna kansa, shi ma ya gyaɗa. Ya rungume ni, ya sara min, ya ɗaga sandar shinge da hannunsa. Zumuncin da gwamnati biyu suka kasa ƙullawa, achaba ya ƙulla shi.

Mutanen can suna da abubuwan mamaki. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, kuma tsirara suke ɗaukarsa a hammata, ba leda ba takarda, cikin wannan zafi. In ka ji gishiri-gishiri a ɓawon, kada ka tambaya. Sannan in ana ɗaga tuta da safe, kowa sai ya ƙame a inda yake, mai keke ya sauka, mai talla ta tsaya. Ni ban sani ba, ina ta ɗingishi abina, sai na ji usur kamar an kama ɓarawo. Na ƙame a kan ƙafa ɗaya kamar zalɓe har aka gama. A Kano ko tutar ce ta faɗo kan mutum sai dai ya duba ko za ta yi wando.

Na shiga Kusiri da hantsi, na tambayi unguwar Hausawa aka nuna min wajen kasuwar kifi. Na shirya jawabina tsaf: ina neman tsohon da zai tuna wani baƙon alhaji da ya rasu a bakin kogi. Ban kai ga buɗe baki ba wata mai suyar kifi ta ce, "Umaru, me ya same ka ka rame haka?" Na wuce. Wani mai faci ya ce, "Umaru, yaushe ka fara ɗingishi?" Na ce ni ba Umaru ba ne, daga Kano nake. Ya ajiye abin hannunsa ya ruga. Jim kaɗan sai na hango kaina yana tahowa, da tumbi da agogo.

Muka tsaya muna kallon juna. Hanci ɗaya, kunne ɗaya, har wushirya.

Ya ce, "Daga wace unguwa a Kano?"

"Fagge."

"Allahu Akbar! Kai ne Yaya Bukar. Baba yana yawan ambatonka."

Ya ja ni gidansu, aka taru a kaina, maza da mata da jikoki, duk da hancina. Umaru ya ba ni labari yana alfahari, kamar mai karanta tarihin waliyyi. Wai zazzaɓin nan bai kashe Malam Kyari ba. Wani mai bandar kifi ne ya yi jinyarsa, da ya warke ya ce bari ya ɗan taya shi aiki ya tara guzuri, jibi ya haye. Jibi ta zo ya ce jibi. Mai kifin ya ba shi 'yarsa. A garin ma babu wanda ya san shi da Kyari, Malam Jibi ake ce masa.

Umaru ya ce, "Yaya, Baba bai taɓa yarda shi mazaunin garin nan ba ne. Bai yi gini da siminti ba, bai dasa bishiya ba, bai sayi gado ba. Ga gorarsa da sandarsa can a rataye inda ya bar su. Kuma har ya koma ga Allah kasaru yake yi, azahar biyu, la'asar biyu, lisha biyu. Malamai suka yi ta fama da shi, ya ce shi matafiyi ne, bai taɓa niyyar kwana huɗu a nan ba."

Na ce, "Ku nawa ne?"

"Mu tara."

Mutum ya haifi 'ya'ya tara yana kasaru! Shekara talatin! Na ce ba an yi gada a kan kogin ba? Umaru ya ce a idonsa aka yi, ya ce gada ta masu mota ce, shi kwalekwale yake jira. Na ce to tunda gaba ta gagara, me ya hana shi komawa baya? Umaru ya sassauta murya ya ce, "Kunya. Ya ce da wane ido zai shiga Fagge ba alhaji ba, bayan an raka shi har bayan gari ana kuka?" Kun ji, 'yan majalisa. Bakin iyayenku ya tsare mutum shekara talatin a bakin kogi, kuma na san naku bai fi nasu sanyi ba.

Sai Umaru ya ƙara da abin da yake ganin zai faranta min. Ya ce, "Amma bai taɓa mantawa da ku ba. Duk zuwan Baba Sule Direba a wannan zauren yake sauka, Baba ya zaɓi bandar da ta fi kyau da hannunsa ya ce a kai wa ta Fagge."

Kifin da na tashi ina suɗe yatsa a kansa, Inna tana ɗaga hannu tana yi wa Sule addu'a.

Bayan la'asar suka kai ni maƙabarta. Ɗan tudu ne da fasasshiyar tukunya a kai, kamar na kowa. Na ce su ba ni wuri. Na tsuguna da ƙyar, na karanta abin da na iya. Sannan na ce, "Malam, ni ne Bukar. Inna ta ce in gaya maka ta cika. Ni kuma a ƙafa na zo, da karyayyiya, kuma na iso." Sauran maganganun da na tanada na bar su a cikina. Na tashi.

Washegari na ɗingisa na haye gadar nan zuwa ɓangaren Chadi. Ko gumi ban yi ba. Na sha shayi a wurin wani mai tebur, na juyo. Umaru ya haɗa min kwali guda na banda, na ce ya bar abinsa, na ƙoshi tun ina yaro. Sandar Malam kawai na ɗauka, don tawa ta tsage a Dikwa. Ba ni da abin faɗa a kan Umaru da 'yan'uwansa, sun karɓe ni hannu biyu, kuma su ma ba su zaɓi ubansu ba.

Dawowa a mota na yi, tunda bakancen bai ce komai kan dawowa ba. Hanyar da ta cinye min fiye da wata biyu, mota ta lashe ta kamar miyar kuɓewa. Duk tsawon hanya abu ɗaya nake juyawa: in gaya mata, ko in ce na samu kabari na yi addu'a in ja bakina? Abin da tsohuwar nan ta mallaka a duniya shi ne sunan matar shahidi. In na karɓe shi, me zan ba ta?

A bakin lungunmu na tarar da Baba Sule zaune a bencin mai shayi, kamar tun ranar da na tafi bai tashi ba. Ya kama hannuna ya ja ni gefe.

"Ka gani?"

"Na gani, Baba."

"Amana ya ba ni, ya sa na dafa Alƙur'ani. Farko na ce bari ya tara guzuri. Daga baya kuma ta riga ta zama abin da ta zama, wa zai iya? Don girman Allah, ɗana, ka bar tsohuwa ta mutu da abinta."

Na ce, "Kifi ya yi daɗi, Baba." Na zare hannuna. Amma gaskiya maganarsa ta shige ni, na shiga gida da niyyar in taƙaita.

Inna tana kan tabarma a tsakar gida. Ba ta dubi fuskata ba, sandar ta duba. Ta miƙo hannu na ba ta. Ta shafa zoben jan ƙarfen da ke wuyanta, ta shafa inda hannu yake kamawa.

Ta ce, "Ni na saya masa ita, sabuwa fil. Wanda ya mutu a shekarar da ya tafi ba ya cinye kan sanda haka. Zauna ka faɗa min, kada ka rage."

Ban rage ba. Jibi, kasaru, tara, gada, duka. Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Da na gama ta ce, "Nan da can a mota, kwana nawa ne?"

"Jiya da safe na taso."

Ta ce, "Kifin ma?"

"Kifin ma."

Ta dafa bango ta miƙe ta shiga ɗaki. Na ji ƙarar murfin adaka. Ta fito da farar rigar a hannu, ƙamshin turaren shekara hamsin ya cika gidan. Na ce a raina, to, yau jikina ya kai. Sai na ga ta sa bakin rigar a 'yan haƙoran da suka rage mata, ta ja. Kyaaat! Tun daga wuya har ƙasa. Ta sake ja. Ta sa matata ta kawo ruwan ɗumi da man zafin Madam.

Ta ce, "Miƙo ƙafar."

Ta gasa min ita, ta shafe, ta naɗe ta tsaf da aska takwas ɗin a sama, ta ɗaure. Ta ce, "Ko banza yau ubanka ya yi maka wani abu."

Ita ce ta ce duk wanda ya tambaya in gaya masa duka, don ta gaji da zama ita kaɗai ce ba ta sani ba. Da safe wata maƙwabciya ta kawo jariri a tofa masa, Inna ta ce ta kai wa Sule, shi ya iya riƙe abu a baki. Amma da matar ta juya za ta fita sai ta kira ta, ta karɓi yaron ta tofa, ta ce jiran dai ita ta yi shi, ba wani ya yi mata ba.

Oga Emeka ya cika alkawari, na tarar da kurata a ɗaure a bayan shago, taya ɗaya ta sace. Na koma aiki. In kun hango ni a Bata da farin ƙyalle mai aiki naɗe a ƙauri, ba gayu ba ne, rigar shahidi ce. Ku kauce min da mashinanku, don Inna tana nan da ranta, kuma ban san bakancen da za ta yi a karo na biyu ba.